Na Auna Kekenka da Jikina

Bodinga, ranar Laraba bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ka, yayan su Hauwa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina kuma yi maka barka da wanga aiki na allurar dabbobi da anka tura ka Shagari. Allah Ya sa ka shiga da ƙafar dama, Ya tsare ka a kwalta da cikin daji, Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙahon sa. Amin.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Ka san halinmu. Kai ne ɗan fari, a hannun kakarka ka tashi can Sifawa, da ka dawo gida kuma ba abin da ya sake. In mun haɗu a zaure ka durƙusa, in ce lafiya lau, in kalli bango, ka kalli ƙasa, shi ke nan an gama hira. Haka na tarar ubana yana yi da yayana, haka ni ma na yi da kai, ban taɓa ganin aibinsa ba. To maganar da ke bakina yau ta fi ƙarfin irin wannan gaisuwa, shi ya sa na ari biron Hauwa na zauna a kan bencin shago.

Hauwa ta faɗa min ran Asabar za ka tafi, kuma wai ka ce a bar keken a gida. Wai da ƙafa za ka riƙa shiga rugage, in ka dace da ɗan kabu-kabu ka hau. Haba! Rugagen bayan Dandin Mahe da ƙafa, da akwatin sanyi a bayanka? Kafin ka kai ruga ta biyu ƙanƙarar ta zama ruwa, maganin ya mutu, kai kuma ka zama abin tausayi. Na san abin da ya sa ba ka son keken, tun da ya kada kai bara ko ƙurarsa ba ka sake sharewa ba. Ina so ka tafi da shi. Amma akwai aiki ɗaya da ya rage a jikinsa wanda ba ya yiwuwa sai da kai, zan zo kansa. Bari in fara bin ka da wautar da na tafka a kan wanga keke, don in ya zama a hannunka kada ka maimaita. Ba tonon asiri nake ba, duk bakin kwalta an sani, har yau ana yi min dariyar wasu.

Ni da keke ba yau munka haɗu ba. Tun kana goye nake zaune a nan ina gyaran baƙaƙen kekunan masu albasa, waɗanda in ka ɗora musu buhu biyu ko tari ba su yi. Irin waɗannan ba su da wani sirri: ɗaure noti, sa giris, cika taya ta yi tauri, ka ce wa mai shi Allah Ya kiyaye hanya. Ranar da na ga wanga a cikin kayan gwanjo a Sakkwato, an jingine shi can baya ba mai tayawa, sai na tsaya. Tayoyi masu kauri, birki mai faifai, ga wani abu a tsakiyar jikinsa ƙarƙashin sirdi, kamar ƙaramin gwangwanin madara, sandar ƙarfe mai sheƙi ta fito daga cikinsa. Mai kayan ya ce min shokar baya ce, amma ba irin ta babur mai murɗaɗɗen ƙarfe ba, wannan iska ce a cikinta, kuma ta mutu. Ya ce, "Baba, kai wa mai walda shi cire ta shi sa maka ƙarfe, ka huta." Na ce a raina wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne. Lokacin kana makarantar koyon aikin dabbobi, na san wata rana daji za a tura ka, na kuma san abin da hanyar daji ta yi wa bayana a kan busasshen sirdi. Don kai na saye shi, ko da yake Hauwa na aika ta faɗa maka.

Wautar farko, na turo shi wurin Mamman mai faci, maƙwabcin shagona, na ce, "Mamman, cika min wagga aba." Bawul ɗinta iri ɗaya ne da na tayar mota, don haka ni da shi duk munka ɗauka magana ta ƙare. Ya tada injinsa, ya danna tiyo, ya cire, 'yar iskar da ta shiga ta biyo shi waje. Ya sake, ta sake. Munka yi ta yi har gumi ya wanke mu, daga ƙarshe ya jefar da tiyon ya ce, "Bello, wanga abu aljanu gare shi, ɗauke min shi daga nan." Babu wani aljani. Cikin shokar bai kai kofin shayi ba, amma iskar da take so matsattsiya ce, ta fi ta tayar mota nesa ba kusa ba. Injin faci ba ya kai ta inda take so, iskarsa kuma da laima da ɗigon mai take fitowa. Tana da famfonta na kanta, ɗan siriri mai agogo a ka, da bakin da ake murɗa shi a kan bawul. Sai da na yi yawo kafin in same shi, yanzu yana cikin jakar da na ɗaure ƙarƙashin sirdi. Kada ka ara wa kowa shi, ko da liman ne ya ce tayarsa ta sace. In ka gama sa iska kana kwance bakin za ka ji tsss, kada hankalinka ya tashi ka ce bari in ƙara, iskar cikin tiyon famfon ce ta fita, ta shokar tana nan. A aikinka ma za ka ga kwalabe biyu masu murfi iri ɗaya, ka tsaya ka karanta jikinsu kafin ka zuƙa a sirinji.

Ta biyu ta fi ban kunya, don saura kaɗan ta taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Da na sami famfon na cika ta, sai ta riƙa sacewa a hankali, na gane robobin ciki ne sunka gaji. Hauwa ta samo min a waya wani Bature yana kwance irinta. Ba na jin yarensa amma ina jin hannunsa. Mutumin nan ya tsaya yana ta zuba kamar mai wa'azin kasuwa, ni kuwa na ƙagu, na ce mata, "Ke, wuce min surutun, kai ni inda yake aiki." Ashe a cikin surutun ne ya ce a fara sace iskar duka. Na cire shokar daga keke, na kama gwangwanin na murɗa, ya ƙi, na ce yau ko ni ko kai, na naɗa masa tsohon tiyub na sa ƙarfi. Wallahi ban ga fitarsa ba, ƙara kawai na ji. Ya tsallake bencina ya doki butar Alu mai shayi, ruwan zafi ya watse a ƙasa daidai inda wani tsoho ya tashi bai daɗe ba. Alu ya yi tsalle yana salati, ya ce, "Bello, bindiga ka kawo muna cikin gari?" Mutane sunka yi dariya, ni ban yi ba, don na ga inda ruwan ya zuba.

Saboda haka in za ka buɗe ta, ka murɗa famfon a bawul, akwai ɗan maɓalli a jikinsa, ka riƙa dannawa iskar na fita kaɗan kaɗan, kana danna sirdi a hankali don wadda ta maƙale a wani ɗan ɗaki da ke can cikin gwangwanin ita ma ta samu hanya. Sai agogon ya kwanta, ka kuma taɓa tsinken bawul ka ji shiru. Ko a nan kada ka yarda da ita, ka zura tsumma a cikin idon ƙarshen sandar ka ɗaure, in gwangwanin ya yi tsalle tsumman ya tare shi, kuma ka kau da fuskarka. In ka ga shokar ta shige ciki ta ƙi miƙewa ko ka ja ta, iska ce ta ɗaure a inda bai kamata ba, kada ka buɗe, kawo min ita haka nan. Kuma don Allah ka fi ni haƙurin sauraro. Za ka je ruga, ardo ya zaunar da kai ya faro maka labari tun daga kiwon bara, kai kana ƙagare ka ga saniyar. Ka bar shi ya gama, sau da yawa a nan zai faɗi inda ta sha ruwa da ranar da ta daina tuƙa.

Ta uku kuwa duk wani mai gyara a garin nan zai tafka ta, don mu fetur ne sabulunmu. Na zare robobin na jefa su a gwangwanin fetur kamar yadda nake yi wa sarƙa, na tsame na shafe su da baƙin mai na mayar. Da safe sun kumbura sun yi laushi, shokar ta riƙa tafiya da gardama, tana yi tana tsayawa. Na zauna ina kallon su ina zagin kaina a fili, har Mamman ya leƙo ya ga ko da wa nake faɗa. Wata da watanni keken na rataye kafin wani ɗan kasuwa mai zuwa Ikko ya samo min sababbi. Yanzu na sayi saiti biyu na robobin, ɗaya na ciki, ɗaya na cikin jakarka tare da ɗan kwalin giris ɗinta. Giris ɗin mai laushi ne, ba irin namu na gindin feda ba, da ɗan mai mai kauri a 'yar kwalba. Ka wanke cikin gwangwanin da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit na kemis, ka bari ya bushe. Robobin ka ciro su da yatsa ko tsinken itace, kada ƙarfe ya kusance su, don in ka karce wurin zamansu an gama, iska ta sami ƙofa har abada. Ka shafa giris sama-sama, ka ɗiga man kaɗan a ciki, ka mayar da gwangwanin da hannu, hannu kawai, ban da sifana. Bayan damina ka yi mata haka, ka sake a tsakiyar rani. Amma abin da ya fi duk wannan shi ne kullum in ka dawo ka goge sandar nan mai sheƙi da tsumma kafin ka shiga ɗaki, yashi ne ke cin robar. Kada ka rataya komai a kanta, kada ka ɗaura mata igiyar akuya, na san mutanenmu.

Daga gwangwanin iska aikinka ya ƙare. Can cikin sandar akwai mai da wata iska ta daban da anka ɗura tun a inda anka ƙera ta, ni ma da shekaruna a sana'a ban taɓa wurin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. In ka ga mai na tsiyaya, ko ka ji tana ƙara kamar mai kurɓar kunu, ka sa shi a mota ka aiko. Akwai wanda na sani a Sakkwato da ke da kayan aikinta.

Sai ɗan maɓallin nan ja da ke gefen shokar. Shi ke faɗa wa shokar yadda za ta dawo bayan ta lanƙwashe. Da farko na kwance shi gaba ɗaya, a tunanina abu ya dawo da sauri shi ne lafiya. Na hau na faɗa wani rami a bayan masallaci, keken ya harba ni sama kamar jakin da anka taɓa wa ciwo, hulata ta yi gaba ni na bi ta. Na ji haushi na ɗaure shi tam, sai ta daina dawowa kan lokaci, in ka shiga hanya mai gargada tana shigewa tana shigewa har ta zama itace. Ka nemi tsakiya. Ka sauko daga gefen kwalta kana zaune, in ta lanƙwashe ta dawo sau ɗaya ta natsu, ya yi. In ta yi ta rawa, ɗaure shi ƙas ɗaya ka sake gwadawa. Ɗan shuɗin hannun da ke kusa da shi kuwa na kulle shokar ne, a kan kwalta kawai, da ka sauka daji ka buɗe. In ka manta bayanka zai tuna maka.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Iskar shokar nan ba a sa ta da ka. Nauyin mai hawa ake bi, shi da duk abin da zai ɗauka. A jikin sandar akwai wani ɗan zoben roba mai yawo, ka san shi, shi ne ma'auni. Mai keke zai sa takalminsa, ya goya kayansa, a buɗe shuɗin hannun. Wani zai tsaya a gabansa, ya matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe hannun keken da hannu biyu. Mai keke ya hau, ya ɗora ƙafa biyu a feda, ya ɗan girgiza, ya natsu, ya saki nauyinsa duka. A tura zoben ya taɓa bakin gwangwani, sannan ya sauka a hankali ba tare da ya danna ba. Inda zoben ya tsaya shi ne amsa. Ana so ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na sandar, ko ya ɗara kaɗan, kada dai ya wuce ɗaya cikin uku. In ya wuce a ƙara iska, in bai kai ba a rage, kowane ƙari a danna sirdi a hankali sau da dama don iskar ta daidaita a ciki, a sake hawa. Kada a taɓa wuce lambar da ke rubuce a jikin gwangwanin. Aikin ke nan, bai kai shan shayi tsawo ba.

Duk wannan na san shi tun kafin in ba ka keken. Wanga karo ban wuce surutun kowa ba, na kalla har na haddace. Amma ka lura da inda mai riƙewa yake tsayawa. Fuska da fuska ne, kusa har numfashin ɗaya na taɓa ɗaya, mai hawa kuma ya sakar maka jikinsa, in ka saki ya faɗi. Na yi ta juya abin a raina. Ni in tsaya haka da ɗan farina, a bakin kwalta, benci cike da masu shan shayi? In ce Mamman ya riƙe ka, ai dole in durƙusa a gindin ƙafarka in tura zoben, in ce maka ɗaga, sauka, sake hawa. Na kasa. Sai na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. Na sa Mamman ya riƙe, ni na hau, ni na zauna, na auna da jikina. Ni da iska mai ƙarfi ke tura ni gefen hanya, kai kuwa ka ɗauko ƙirar dangin innarku, kafaɗa kamar ƙofar zaure. Na ɗan ƙara iska da ka, yadda nake yi wa taya, na ce wannan ta isa. Da ka zo ka durƙusa a gefen shago, na nuna maka keken da haɓa na ce, "Ga shi nan, an gama."

Sauran ka fi ni sani, a jikinka ya faru. Daminar bara ka goyo wa kakarka shinkafa za ka Sifawa, ka gangara kwazazzabon nan da ruwa ya ci, shokar ta shige har ƙarshe, keken ya durƙushe, feda ta doki dutse, ka tashi sama ka sauka a kan hannu. Da anka kawo min keken ban duba birki ba, ban duba taya ba, zoben na fara dubawa. Ya tafi har ƙarshen sandar ya kusa zamewa. Na zauna a ƙasa wurin, Mamman na yi min magana ba na jin sa.

Na bi ku Sifawa. Mai ɗori na ciki yana jan hannunka, baffanka Sani ya rungume ka ta baya, ni ina waje ƙarƙashin dogonyaro ina jin muryarka, ina wasa da tasbaha kamar wanda ya zo rakiya. Sai ga kakarka ta fito tana dogara sanda. Ka san ta, ba ta rage murya don kowa. Ta ce, "Bello, zo nan. Mi yak kada min maigida?" Na fara yi mata bayanin iska da zobe, ina tsammanin ba za ta gane ba. Ta katse ni ta ce, "Dakata. Kai kah hau, kai kaz zauna, sa'annan kab ba shi?" Na ce haka ne. Ta ce, "In za a ɗinka mishi riga, kai ka zuwa tela shi gwada ka?" Ta matso har sandarta na taɓa ƙafata, ta ce, "Kunya munka koya muku, ba mu ce ku karya ɗiyanku ba. Ubanka har ya mutu bai kira sunan yayanka ba, amma ran da maciji yas sari yaron a gona, a wuyanshi yaɗ ɗauko shi har gida, gari duka na kallo, yana kuka awa mace. Kai wace iri ce taka?" A gaban mata da yara ta faɗa, da furfurata da komai. Kana ciki da zafin ɗori, ban san ko ka ji ba.

Ban ce ka zubar da kunya ba, ka ji ni da kyau. Ina son ta, ita ta sa ban taɓa jin ka ɗaga murya a gidan nan ba, kuma in Allah Ya ba ka naka ɗan farin na san ba za ka riƙa kiran sunansa a tsakar kasuwa ba. Amma in abu ya zo kan ƙashi da jini, ka ajiye ta a gefe ka yi abin da ya kamata, in an gama ka ɗauki abarka. Ni ban ajiye ba, kai ka biya da hannunka, kuma abin yana cina har yau. In na ga kana juya tsintsiyar hannun nan da sanyin safiya sai tuwo ya fita raina.

Kai ma fa ba ka tsira ba, kada ka karanta kana gyaɗa kai. Bayan faɗuwarka, Hauwa ta faɗa min cewa tun makonnin farko ka ce mata keken na dukan ƙasa in ka faɗa rami, ta ce bari ta gaya wa Baba, ka ce kul, kada ta kuskura, wai kada in ji kamar ka raina aikina. Ka ji fa! Ni ina jin nauyin in riƙe ka, kai kana jin nauyin ka ce min ban yi daidai ba, muna gida ɗaya muna cin tuwo ɗaya, famfon na rataye a shago. Da na ji haka na rasa wanda zan yi fushi da shi. Halina ka ɗauko kaf, kuma shi nake ji maka tsoro a can. Wata rana ƙanƙara za ta narke maka a hanya, ka tsaya gaban shugabanka bakinka ya yi nauyi. Ka faɗa masa. Kada ka je ka tsira wa shanun bayin Allah mataccen magani don kana jin nauyin wani mai kujera. In ba ka da lafiya ka faɗa, in abinci bai ishe ka ba ka faɗa, in aikin da na yi maka bai yi ba ka aiko a faɗa min, ko ta bakin Hauwa ne, na ji zan ɗauka.

A Shagari ka nemi mutum ɗaya, abokin aiki ko maƙwabci, wanda za ka iya ce wa zo ka riƙe min. Iskar tana raguwa da kanta a hankali ko robobin na da lafiya, kayanka za su sake, azumi zai zo ka faɗa, kaka ta zo ka murmure, duk sai an sake aunawa. Kada ka jingina da bango ka ce ka iya kai kaɗai, bangon na ɗauke rabin nauyinka ya yi maka ƙarya, na gwada. Ka riƙa gaida mutane tun kafin ka buƙace su. In ka shiga ruga ka sauka daga keke tun daga nesa, ka tura shi da hannu, ka fara gaida manya kafin ka kalli dabba. Kada magariba ta same ka a daji, duk aikin da ya rage gobe ma rana ce. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a gindin kalgo ne.

Jiya na sauke keken daga inda yake rataye. Na wanke shi, na sa sabuwar sarƙa, na buɗe shokar na sake mata robobi da giris, tana tafiya sumul. Da na gama na sace iskar duka. Yanzu haka yana gabana a durƙushe, babu ko numfashi ɗaya a cikinta, kuma ba zan sa mata ba, ba da ka ba, ba da jikina ba, ba da jikin kowa ba. Ran Juma'a da hantsi ka zo shago da takalmin aikinka, da akwatin sanyin a cike yadda za ka riƙa ɗaukarsa, da gorar ruwanka. Na riga na faɗa wa Mamman shi zai tura zoben. Na faɗa wa Alu ma, don kada ya ce bai sani ba, ya fara murmushi ya ce, "Yau Bello za a yi abin kallo." Na ce masa ya tara duk wanda ya ga dama, ya ƙara benci in nasa bai isa ba.

In ka ga ba za ka iya a bakin kwalta ba, ka faɗa wa Hauwa, in turo shi gida mu yi a zaure. In ma ka ga ba za ka iya ba sam, ba zan riƙe ka a zuci ba, ni na fara. Ka dai tafi da keken, komai na rubuce a nan, wani ya riƙe maka a can. Amma ina roƙonka ka zo. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Innarku na gaishe ka, ta ce a ce wa mai tafiya yajinsa da ƙulinsa na cikin ƙwarya a bakin ɗakinta, kada ya manta. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah Ya sa albarka a hannunka, wanda ya karye da wanda bai karye ba, Ya sa duk dabbar da ka taɓa ta tashi. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai kana tafiya da ƙafarka. Amin summa amin.

Ina shago tun da sassafe ran Juma'a. Ni zan tsaya a gaba, ni zan riƙe. Ka saki nauyinka duka, kada ka rage min komai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bello mai keke.